Mercedes E320 CDI 'yar Kwatano: abin da mai saye zai tarar a ƙarƙashin bonet

Mercedes-Benz E320 CDI ƙirar W211, mai fitilu huɗu zagayayyu a gaba, an yi ta daga 2002 zuwa 2009, kuma tana cikin motocin manya da ake samu da sauƙin kuɗi a hannun dillalai. Dalilin a fili yake. Tana shan gas, yawancin masu saye a Najeriya kuwa da sun ji an ce dizal sai su ja da baya, saboda tsadar man da ƙarancin masu iya gyara. A Nijar, inda aka saba da ƙananan motoci masu dizal, ba a gudun ta haka. Mota ce mai kyau, wannan babu jayayya. Sai dai rayuwarta a hannunka ta rataya ne a kan gidan man da kake sha da kuma bakaniken da kake kai wa, fiye da yadda ta rataya a kan kamfanin da ya ƙera ta.

Kafin maganar kuɗi, ka fara sanin wace E320 CDI ce a gabanka, domin inji biyu ne ke ɗauke da wannan suna. Na farko shi ne OM648, lita 3.2, silinda shida a jere, ƙarfin doki 204, da giya mai hawa biyar. Daga 2005 a Turai aka koma OM642, lita 3.0, silinda shida a tsarin V, ƙarfin doki 224, da giya mai hawa bakwai. Lambar jikin mota tana faɗa maka gaskiya ko da dillali ya ƙi: mai farawa da WDB211026 injin jere ne, mai WDB211022 kuwa V6 ne. A ganina injin jere ya fi dacewa da mu. Komai nasa a sarari yake, hannu yana shiga, nozul ɗinsa sun fi haƙuri da mai mara tsabta, kuma ba ya da ɗigon bakin man da ya yi wa V6 suna. Inda gizo ke saƙa shi ne duk motar da ke da wannan inji mai kyau tana zuwa da birkin SBC, wanda Mercedes ta cire sai a tsakiyar 2006 lokacin da ta sabunta fuskar motar. Don haka zaɓin biyu ne: inji mai sauƙi da birki mai rikici, ko birki na gargajiya da inji mai cin kuɗin aiki. Wadda ta haɗa V6 da SBC, wato ta 2005 zuwa farkon 2006, ita ce ta ƙarshe a layi.

Shi SBC birki ne da kwamfuta ke sarrafawa. Idan ka taka, ba ƙafarka ce ke tura man birki zuwa tayoyi ba. Akwai famfon lantarki da ke tara matsi kusan bar 140 a wata ma'ajiya, kwamfuta kuma ta raba wa kowace taya gwargwadon buƙata. Idan yana lafiya, kamun sa ba a magana. Amma famfon yana ƙirga yawan takun da aka yi, kuma da ya kai iyakar da aka tsara masa sai saƙo ya fito a dashbod cewa a kai mota gareji. Mercedes da kanta ta kira motoci masu wannan birki domin gyara a 2004 da 2005. Abin da ake yi a garejojinmu shi ne a sa kwamfuta a goge ƙirgen, saƙon ya ɓace, a miƙa maka makulli. Goge lamba ba ya mayar da famfon sabo. Ranar da ya tsaya, dashbod zai yi ja, birkin gaba kaɗai zai rage, shi ma sai ka danna da iya ƙarfinka, kuma nisan tsayawa ya ninku. Idan saƙon ya fito, a auna matsin ma'ajiyar, a duba famfon, in ya gaji a canza shi. Man birki DOT 4 Plus ne, a canza duk shekara biyu, kuma ba a fitar da iskarsa da taka-ka-riƙe irin na sauran motoci, sai da Star Diagnosis, kwamfutar binciken motocin Mercedes.

Akwai wani haɗari da ya shafi yaron gareji kai tsaye. SBC yana farkawa da kansa idan an buɗe ƙofa, ko an danna makulli, ko an taɓa birki, sai ya gwada matsi. Idan a lokacin yatsun mutum suna tsakanin fistin da faifan birki, an gama. Dole a kashe tsarin da kwamfuta, ko a zare filoginsa, kafin a taɓa takalmin birki. Bakaniken da bai san wannan ba bai san motar ba, kada ka bar masa ita.

Ranar duba mota, ka ce a cire murfin robar da ke kan inji. Dillali zai ce ai babu komai a ciki. Ka nace. Kowane nozul yana zaune ne a kan wata 'yar washa ta tagulla, kuma dogon ƙusa guda ɗaya ke danne shi. Idan washar ta saki, hayaƙin konewa yana tsiyayowa ta gefen nozul, ya haɗu da ɗanyen gas, ya daskare ya zama baƙin abu mai ƙyalli kamar kwaltar titi. Da farko za ka ji ƙarar cif-cif-cif tana bin bugun inji, da warin hayaƙi a cikin mota idan an kunna iska. In aka bari, baƙin abun yana binne nozul ɗin, ya cinye wayoyinsa da siraran robobin da ke mayar da mai, ya manne shi a rami har sai an sa maɓalli na musamman an fizgo shi. Gyaran farko ba shi da tsada ko kaɗan, amma yana da ƙa'ida. A cire nozul inji na da zafi, lokacin da baƙin ya yi laushi. A share ramin tas, a gyara mazaunin da abin gogewa da aka yi don haka, a sa sabuwar washa da sabon ƙusa, a shafa man shafawa mai jure zafi a jikin nozul. Ɗaurin ƙusan: Nm 7 (Nm ma'aunin ƙarfin juyi ne), sannan a juya digiri 90, a ƙara wani 90. Ƙusan irin mai miƙewa ne, sau ɗaya ake amfani da shi. Masu gasa tsohuwar washa a wuta su mayar, su ɗaure tsohon ƙusa da ƙarfin damtse, su ne ke cinye zaren ramin, wanda a cikin alminiyam yake, daga nan aikin yini ɗaya ya zama na mako. Idan kuma an canza nozul ɗungurungum, akwai lamba a kansa da za a shigar wa kwamfutar inji, in ba haka ba inji zai riƙa rawa a tsaye.

Motar da ke tashi nan take da safe amma take jan dogon kunni idan ta yi zafi, yawanci nozul ne ke mayar da mai fiye da kima, matsi ya kasa taruwa. Ana gane mai laifin ta hanyar ɗaura wa kowanne ƙaramar kwalba a ga wanda ya fi cikawa. Wadda kuma take mutuwa ana cikin tafiya, ta ƙi tashi sai ta huce, a fara da sensar kirankishaf. Abu ne ƙarami mai sauƙin kuɗi, kuma an sha sauke famfon mai a banza saboda shi.

Duk wannan ya komo kan mai. Injin yana fesa gas da matsin da ya kai bar 1,600, kuma shi gas ɗin ne ke shafa wa famfon da nozul maiƙo. An ƙera shi don man Turai, wanda tun 2009 sinadarin sulfa a cikinsa bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba, alhali ƙa'idar Najeriya a da ta daɗe tana ƙyale har 3,000. Sulfa mai yawa yana ɓata bakin mai da wuri, yana toshe bawul ɗin EGR mai mayar da wani ɓangaren hayaƙi cikin inji, yana kashe matatar hayaƙi a motocin da ke da ita. Amma abin da ke kashe inji farat ɗaya shi ne ruwa da kananzir. Gas ɗin da aka gauraya da kananzir ba shi da maiƙo, famfo ya ci kansa, garin ƙarfe ya bi bututu ya shiga nozul shida da tanki, sai an wanke ko an canza komai. Kada a sha a jarkar 'yan bumburutu komai matsi. A nemi gidan man da manyan motoci ke yawan sha, inda mai ba ya kwana a tanki. Filtar mai a canza ta duk kilomita 10,000 zuwa 15,000, ta Mann ko Mahle ko Bosch ta gaske, a ajiye guda a but. Bayan an canza, a murɗa makulli ba tare da tayarwa ba sau uku ko huɗu, famfon cikin tanki zai cika ta da kansa.

Bakin mai: injin jere yana ɗaukar lita bakwai da 'yan kai, V6 kimanin takwas da rabi. A duba jikin galan a ga MB 229.5, ko 229.51 idan motar tana da matatar hayaƙi. Dashbod zai ba ka dogon zango kafin ya nemi juye, amma lissafin man Turai da iskar Turai yake yi. Da namu gas ɗin da ƙurar hunturu, kilomita 7,000 zuwa 8,000 ya isa. Filtar iska a duba ta a kowane juye, V6 guda biyu gare shi.

Mai V6 ya leƙa ƙarƙashin mota, daidai inda inji ya haɗu da giya. Idan wurin ya jiƙe da mai, za a ce maka sil ɗin baya ne, a sauke giya. Galibi ba shi ba ne. Akwai na'urar sanyaya bakin mai a can cikin kwarin V, robobinta na asali masu launin lemo suna bushewa da zafi, mai ya taru a kwarin ya gangaro ta baya. Sababbin robobin masu launin shunayya sun fi jurewa, kuma kuɗinsu ba komai ba ne. Isa wurin ne aiki: sai an cire turbo da bututun shigar iska na ɓangarori biyu, yini guda cur ga wanda ya iya. Tunda an buɗe, a wanke baƙin da ya toshe bututun, a canza robar bakin turbo, domin ita ce ke ɗiga mai a kan ƙaramar na'urar lantarki da ke juya ƙofofin iska har ta ƙone, mota ta rasa ƙarfi ana tsakiyar wuce tirela.

Giya mai hawa biyar tana da juriya sosai. Rauninta wani zagayayyen filogi ne mai fil 13 da ke ɗigar mai, man ya bi cikin waya har ya kai kwamfutar giya. Canza shi aikin minti talatin ne. Motocin 2002 da 2003 masu lagireton Valeo suna iya haɗa ruwa da man giya, alamarsa karkarwa da gunji idan ana tafiya a hankali. Mai hawa bakwai ta fi santsi, amma faifan lantarkin cikinta yana lalacewa, kuma an ɗaure shi da lambar motar, ba a ɗauko na wata a Ƙofar Ruwa ko Panteka a liƙa kawai. Dukansu a canza mai da filta duk kilomita 60,000, da jan mai mai lamba 236.14. Maganar wai man giyar Marsandi ba a canza shi har abada, ka bar ta a bakin mai faɗa.

Al'adar nan ta cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye wai don zafin ƙasarmu, a wannan mota ɓarna ce. Injin dizal da bai kai zafin aikinsa ba yana shan mai, yana tara baƙi, kuma fankar kwamfuta ce ke daidaita gudunta. Allurar zafi ta zauna tsakanin 80 da 90. A lagireto a zuba ruwan sanyi mai lamba 325.0 rabi da rabi da tataccen ruwa, ba ruwan rijiya ba.

Sauran na kowace tsohuwar mota ne: boljoyin na ƙasa da bushin gaba suna gajiya a ramukanmu, kujerun inji suna zubar da ruwansu mota ta fara girgiza, masu SBC batir biyu gare su, babba a but ƙarami a gaba. Idan ka sami mai sifirin na ƙarfe maimakon shokozoba mai iska ta Airmatic, ka rage wa kanka ciwon kai guda. Motar ƙasa-ƙasa take, ba ta hanyar ƙauye ba ce da damina.

To me ake samu bayan duk wannan? A babbar hanya, da kyar wata mota mai irin kuɗinta ta kamo ta. Ƙarfin juyin injin jere Nm 500 ne, yana zuwa tun inji bai ɗaga murya ba, ka taɓa totur kaɗan ta wuce. Ciki shiru, kujera ba ta gajiyar da baya. Tana shan kimanin lita 7 a kilomita 100 a doguwar tafiya, 10 ko fiye a cunkoson gari, kuma da tanki mai lita 80 za a je Abuja daga Kano a dawo ba a tsaya gidan mai ba, wanda ke nufin kana iya shan mai a wurin da ka amince da shi kaɗai. Ga mai yawan tafiya tsakanin jihohi da ya san garejin da ke da Star, na ba ta maki mai kyau. Ga mai kai yara makaranta ya wuce kasuwa, inji bai ko yi zafi ba an kashe, Camry ta fi masa.

Lambar kilomita da ke dashbod kada ta ruɗe ka, an sha mayar da ita baya kafin mota ta hau jirgi. Ka dubi santsin sitiyari, robar birki da gefen kujerar direba, sannan a sa Star a karanta abin da sauran kwamfutocin motar suka ajiye, har da ƙirgen SBC. Ka je duba ta da sassafe, ka taɓa inji ka tabbatar ba a ɗumama shi kafin zuwanka ba. Kuma cikin kuɗin da ka tanada, ka ware na juye duk mayukan motar da filtocinta, da washa shida da ƙusa shida, kafin ka yi maganar fenti ko sababbin tayoyi.