Mayafin da ya ceci tumatirina daga ƙanƙarar ƙarshen sanyi

Bara na yi asarar dashen tumatir da tattasai a dare guda. Ana ganin sanyi ya tafi, itatuwa har sun fara toho, sai raɓa ta daskare da asuba. Na fito na tarar da ganyen ya yi baƙi ya yi laƙwas kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Shi ya sa bana na sayi farin mayafin nan na lulluɓe shuka, mai nauyin giram 30 a kowace murabba'in mita.

Da na warware shi raina shi na yi, don ana hango tafin hannu ta cikinsa. Ashe ba ɗumama shuka yake yi ba, ɗumin da ƙasa ta sha da rana yake tarewa kada ya tsere. Saboda haka dole ya sauka har ƙasa. Daren farko na ɗaure shi a wuyan tukwanen da na yi shukar a ciki kamar ɗankwali, kuma tukwane biyu na gefe sun ji jiki. Shukar tukunya ta fi ta fili saurin cutuwa, tunda sanyi na shigar saiwarta ta kowane gefe.

Daga nan na sake dabara. Nakan yi ban ruwa da rana, don jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshiya riƙe ɗumi, in tattara tukwanen jikin bango, in kafa sanduna huɗu, in yafa mayafin tun kafin faɗuwar rana, in danne bakinsa da bulo. Ba na jiran a ce sanyi zai kai digiri sifili, inda ruwa ke daskarewa. In hasashen yanayi ya ce digiri 3 ko 4, ga sama garau babu girgije, iska kuma ta kwanta, rufewa nake yi, domin sanyin daf da ƙasa yakan fi wanda hasashen ya faɗa.

Mayafin ya fi leda nesa ba kusa ba: iska da haske suna ratsa shi, ba ya tara gumi, alhali leda duk ganyen da ta taɓa sai ya ƙone.

Aibinsa rashin ƙwari. Kan sanda ya huda shi wuri biyu a sati na farko, sai da na kifa gwangwanaye a kan sandunan. In ya jiƙe kuma yakan kwanta a kan tsiro. Kariyarsa 'yan digiri ne kawai, don haka daren da aka ce sanyin zai tsananta, tumatir a ɗaki ya kwana. Kabeji da latas kam ko a jikinsu.