Mai lambun da ya kai ni daji neman bishiyar bonsai

Akwai wani dattijo mai sayar da shuke-shuke a bakin titi a Kaduna. Ban da sayarwa, yana raka mutum daji ya zaɓo bishiyar da za a raina a tukunya ta zauna 'yar ƙarama, wato bonsai. Haƙo irin wannan daga daji Japanawa na kiransa yamadori. Na bi shi a watan Afrilu, daf da faɗuwar damina, na biya N8,000.

Kafin ya taɓa ƙasa, sai da muka nemi izinin mai gonar. Wannan ya burge ni.

Idona ya faɗa kan wani gawo. Ya ce, "Ɗana, bar shi. Saiwarsa ta yi nisa ƙasa, in ka yanke ta ya mutu." Ya nuna mini wata 'yar tsamiya da awaki suka yi shekaru suna ci, gindinta ya yi kauri ya murɗe, tsayinta bai kai gwiwa ba. Ya haƙa kewaye da ita a hankali, ya bar ƙasa manne da ƙananan saiwoyi, ya naɗe da jiƙaƙƙen buhu. Muka ƙara da kuka guda, wadda ya ce in rage mata ruwa sosai idan ta zubar da ganye, kada ta ruɓe.

Ƙorafina ɗaya ne: tukwanensa ba su da isassun huji a ƙasa, sai da na ƙara da kaina. Tsamiyar ta yi mako 5 a inuwa kafin ta yi toho. Badi zan koma wurinsa neman magarya.