Shafin Baseball-Reference a ma'auni: zai iya raba gardamar Kenny Lofton?

Masu bin wasan besbol a Maradi ba su da yawa, tabarmar fada guda ta ishe su har da wurin ajiye butar shayi. Amma gardamarsu ba ta gaza ta ƴan kokowa zafi ba, musamman idan aka taɓo Kenny Lofton, wanda ya saci zango sau 622 tsakanin 1991 da 2007 kuma har yau ba a shigar da shi zauren gwarazan besbol da ke Cooperstown a Amurka ba. Mai son shiga wannan gardama da hujja a hannu, shafin Baseball-Reference ne kayan aikinsa. Kyauta ne, Sean Forman ya kafa shi a shekarar 2000, kuma kusan duk wanda ya taɓa buga babbar gasar Amurka yana da fejinsa a ciki. Aikinsa yana da kyau ƙwarai. Sai dai yana da tarko guda: lambar da ido yake fara faɗawa a kai ita ce mafi ƙarancin amfani.

Ga wanda bai saba da wasan ba, fili yana da zango huɗu, tsakanin kowane biyu mita 27 da ɗoriya, wanda ya zagaye su duka kuma ya ci wa ƙungiyarsa maki guda. Satar zango ita ce mai gudu ya zabura zuwa na gaba a lokacin da mai jifa yake jefa ƙwallo, kafin mai cafka ya tura ta a taɓa shi. In ya riga ƙwallo ya ci riba, in an taɓa shi ya fita, kuma fita uku kawai ƙungiya take da ita a kowane zagaye.

Ka rubuta sunan ɗan wasa a akwatin nema, ka sauko zuwa teburin farko. A salula teburin ya fi allo faɗi, don haka ka kwantar da wayar, in ba haka ba ginshiƙan da kake bukata suna can dama ba ka gan su ba. SB ita ce satar da ta yi nasara, CS kuma yawan kamun da aka yi masa. Lambar da aka yi wa baƙin rubutu mai kauri tana nufin shi ne ya fi kowa a rukuninsa a wannan shekara. A fejin Lofton za ka ga biyar a jere daga 1992 zuwa 1996, mafi girma 75 a 1996. Nan ne mutane da yawa suke rufe waya su ce magana ta ƙare.

Kada ka karanta SB ba tare da CS ba, tamkar ɗan kasuwar da yake ƙirga cinikin yini ya manta da uwar kuɗi ne. Masu lissafin wasan sun daɗe da auna cewa sata guda tana ƙara wa ƙungiya kamar kashi biyu cikin goma na maki, kamu guda kuma yana cinye kamar kashi huɗu cikin goma, saboda an yi asarar mai gudu da fita guda a lokaci ɗaya. Ke nan kamu ɗaya yana share sata biyu. Ɗauki biro. An kama Lofton sau 160: 622 sau 0.2 ya ba da kamar 124, a cire 64, saura maki 60. Lou Brock, wanda aka shigar zauren a 1985, ya saci 938 aka kama shi 307: kamar 188 a cire 123, saura 65. Sata 316 da Brock ya fi shi, ribarta maki biyar ce kacal. Kuma tun da maki goma ne suke daidai da nasarar wasa guda, duk satar da Lofton ya yi ta shekara 17 ba ta wuce nasara shida ba. Teburin farko ba ya yi maka wannan lissafi, kuma wannan shi ne babban aibin da na ga shafin yana da shi ga sabon shiga. Yana ajiye CS a gefen SB ya yi shiru.

Amsar tana ƙasa, a teburin ƙimar ɗan wasa, inda aka mayar da kowane aiki zuwa maki. Rbat bugu ne, Rbaser gudu tsakanin zanguna, Rfield tsaron fili, Rpos kuma ladan wahalar gurbin da mutum yake tsarewa. Can gaba a layin akwai WAR, wato yawan nasarorin da ya ƙara wa ƙungiyarsa fiye da abin da ɗan cike gurbi zai kawo. Na Lofton ya ɗan haura 68. Na Brock yana wajen 45. Na Vince Coleman, wanda ya saci 752 kuma ya haura ɗari a shekaru uku a jere daga 1985, bai kai 13 ba. Dalili yana ginshiƙin OBP na teburin farko, wanda yake nuna sau nawa mutum yake isa zangon farko: Lofton .372, Coleman .324. Wanda bai isa zangon farko ba, me zai sata? A lura, shafin yana rubuta ɗigo a inda muka koyi sa waƙafi a lakkwal, kuma .372 na nufin sau 372 cikin dubu.

Akwai wurin da ya kamata a yi taka-tsantsan. Kaso mai tsoka na WAR ɗin Lofton daga tsaron fili ya fito, a gurbin tsakiya na can baya. Kafin 2003 shafin yana ƙiyasta wannan ne daga rubutaccen bayanin wasanni, ba daga kallon inda kowace ƙwallo ta faɗi ba, kuma mafi kyawun shekarunsa a ƙungiyar Cleveland duk kafin nan suke. Shafin FanGraphs, mai nasa salon awo, ya ba shi 62 da ɗoriya. Baseball-Reference yana rubuta lambarsa har da ɗigo kamar an ɗora a sikelin zinariya, alhali awon tiya ne, ana iya samun tozo ko rami. Abin da ya ɗan kwantar da hankali shi ne kyautar tsaro ta Gold Glove da ya ci sau huɗu, wadda masu horarwa da suka gan shi da ido suka zaɓa.

Ɓangaren da ya fi burge ni shi ne na ƙuri'un zauren, shekara bayan shekara. Buɗe na 2013. Ƙa'ida ita ce marubutan wasanni su zaɓi suna goma ko ƙasa da haka, mai kashi 75 cikin ɗari ya shiga, wanda bai kai kashi 5 ba a cire shi daga takarda. A wannan shekara manyan taurari irin su Barry Bonds da Roger Clemens da Mike Piazza da Craig Biggio duk suka shigo takarar tare, ga rigimar ƙwayoyin ƙara kuzari, marubuta ba su shigar da kowa ba. Lofton ya samu ƙuri'a 18 cikin 569, kashi 3.2, aka share sunansa tun zuwan farko. Kwatanta da Tim Raines, mai sata 808 da kamu 146 kacal, wanda ya zauna a takarda shekara goma ana ta muhawara har ya shiga a 2017. Lofton bai samu ko shekara ta biyu ba. Yanzu sai dai kwamitin mutum 16 da ke duba waɗanda aka tsallake, inda ake bukatar ƙuri'a 12.

Hukuncina, bisa abin da shafin ya shimfiɗa: ya cancanta, amma ba don sata ba. Ma'aunin JAWS, wanda yake haɗa WAR na dukan rayuwa da na shekaru bakwai mafi kyau ya raba biyu, ya ba shi kusan 56, matsakaicin ƴan gurbinsa da ke zauren kuma kusan 58. Ya ci maki 1,528, ya yi bugu mai kyau, wato wanda ya kai shi zango, sau 2,428. Masu ja suna da tasu hujjar a fejin nan ɗin: ƙwallo 130 kawai ya buga ta fita wajen fili, bugun da ke ba da maki kai tsaye, alhali Ken Griffey Jr. na zamaninsa ya fitar da 630, bai taɓa zama gwarzon shekara ba, kuma ya yi wa ƙungiya 11 wasa. Irin ɗan kokowar da yake kai zagayen ƙarshe kowace shekara ne amma bai taɓa ɗaga takobi ba.

Kuskure biyu ake yawan yi wajen kwatanta zamani. Kafin 1898 ana ƙirga wasu gudun da yau ba a kiransu sata, don haka lambobin ƙarni na 19 a ajiye su gefe. Daga 2023 kuma an faɗaɗa zangon daga inci 15 zuwa 18, an taƙaita sau nawa mai jifa zai iya juyowa ya tsorata mai gudu, sata ta yi araha. Shafin yana jera su duka a layi ɗaya a ƙarƙashin 1,406 na Rickey Henderson, wanda ya fi kowa sata a tarihi, mai karatu ne zai riƙe wannan a kansa.

Batun kuɗi da rezo: fejin rubutu ne da lambobi, tallace-tallace ne suke jan mega da nauyin buɗewa. Komai da Turanci yake, kuma kunna fassarar waya ba ta taɓa gajerun haruffan nan, gara ka rubuta ma'anar SB, CS, OBP da WAR a takarda. Akwai sashen biya mai suna Stathead don bincike mai zurfi, da dalar Amurka ta katin banki. Duk lambobin da ke sama a ɓangaren kyauta suke.