Na raka ƙanwata ofishin masu sasanta iyali a Gombe, ga yadda muka ƙare da su

Ya kai wata biyu ina son yin wannan rubutun amma sai da na jira ƙanwata tace ta yarda, don maganar tata ce ba tawa ba. Sharaɗinta ɗaya, kar in kama sunan kowa, har sunan wajen ma. Duk wanda yake cikin garin Gombe dai ya san irin ofisoshin nan na ƙungiyoyi masu zaman kansu da suke taimakon mata da ƙananan yara, to ɗaya daga cikinsu ne, iya abin da zan ce kenan.

Abin da ya kai mu shi ne aurenta ya mutu bara, yara biyu a tsakani, mace 'yar shekara 7 da namiji ɗan shekara 4, suna hannunta a gidanmu a Bolari. Ana gobe ƙaramar sallah uban ya aiko aka ɗauke su wai za su yi sallah wajen kakarsu, daga nan fa shiru, sati ɗaya sati biyu, in ta kira ba ya ɗauka, ƙarshe ma ya aiko cewa ai 'ya'yansa ne ya riƙe abinsa. Baffa ya je, Hamma ya je, an sa mai unguwa a ciki, duk a banza. Wata maƙwabciyarmu nas ce tace kafin mu kai ga kotu mu gwada wajen nan, suna da ma'aikatan jin daɗin jama'a, waɗanda mu dai 'yan walfiya muke ce musu.

Bari in fara daga bakin ƙofa don daga nan raina ya fara ɓaci. Kana shiga akwai tebur da wani ƙaton littafin rajista a buɗe, an ɗaure biro da zare a jikinsa. Za ka rubuta suna, unguwa, lambar waya, sai gurbi na ƙarshe wai matsalar da ta kawo ka. Ni na karɓi biron don ita hannunta rawa yake yi, kuma wallahi ba da niyya ba idona ya sauka a layukan sama, na ga duka, na ga korar gida, na ga wani abin da ba zan iya maimaitawa ba, kuma a gefensa sunan wata da muka yi Islamiyya tare, da lambarta da unguwarsu. Har yau in muka haɗu a biki sai in rasa inda zan sa idona, ita kuma baiwar Allah ba ta ma san na sani ba. Muka zauna a benci wajen awa biyu, can sai yaron da yake kan teburin ya ɗaga murya, "mai maganar yaran da miji ya ƙwace ta shigo!" Mata sun fi goma a wajen, duk suka juyo. Ƙanwata ta ja mayafi ta rufe fuska ta miƙe.

To amma da muka shiga ciki sai ka ce wata duniya daban. Matar da aka haɗa mu da ita dattijuwa ce haka, Anti muke ce mata. Bayan gaisuwa, kafin ƙanwata ta buɗe baki tace mata, "tsaya tukuna ƙanwata, duk abin da kika faɗa min a ɗakin nan zai tsaya, sai a hali biyu, in na gane ana cutar da yaro ko ran wani yana cikin haɗari dole in sanar da hukuma, haka in kotu ta nemi rahotona dole in bayar. Ina faɗa miki tun yanzu ne don kar gobe kice na ci amanarki." Ni ban taɓa jin ma'aikaci ya fara da faɗa maka iyakar sirrin da zai iya riƙe maka ba, yawanci ai sai a ce faɗi komai ba wanda zai ji, sai ka gama amayar da cikinka sannan ka ji zancen a wani wajen.

Daga nan ta juyo gare ni tace, "Adda ki ɗan ba mu waje." Gaskiya na ji haushi, ni na biya kuɗin Napep, ni na bar shagona na rako ta, ni nake kwana da ita tana kuka, wai ni za a fitar. Na fita ina ƙunƙuni. Sai da daddare ƙanwata take ce min akwai abubuwan da suka faru a gidan auren nan da ba ta taɓa faɗa wa kowa a gida ba don kunya, ranar ne ta fara faɗa, kuma da ina zaune da ba za ta iya ba. Ban tambaye ta menene ba har yau, kuma duk zuwan da na yi wajen Anti ko da wasa ba ta taɓa ɗan tsegunta min ba duk da na sha yi mata bugun ciki, Allah ya yafe min.

Abu na biyu da ya sa na yarda da ita, ba ta yi mana ƙaryar iko ba. Mu da muka je a zatonmu za a haɗa mu da 'yan sanda ne a je a ɗauko yara a ranar. Tace ita ba alƙali ba ce ba kuma lauya ba, ba ta da hurumin ƙwace yaro daga hannun ubansa ta ba wani, abin da za ta iya shi ne ta saurari kowa, ta duba halin da yaran suke ciki, ta gwada sulhu, in ya ƙi ta nuna mana hanyar kotu. Ta yi mana bayanin riƙon yara yadda kotunan shari'a suke bi a mazhabar Malikiyya, cewa in aure ya mutu uwa ce a gaba, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin mijinta, ciyarwa da tufatarwa kuma suna kan uba, in uwa ta yi wani auren ma ba kai tsaye yara suke komawa wajen uba ba, kakarsu ta wajen uwa ce take biye. Amma ta ƙara da cewa mu je mu tabbatar a bakin malami ko alƙali, kar mu tafi da maganarta kamar hukunci. Ta kuma kawo zancen dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 da dokar VAPP ta 2015 mai hana cin zarafi, wadda a cikinta barin mata da yara ba ci ba sha ma laifi ne, tace da can dokokin Abuja ne kawai sai jiha ta yi nata, ita Gombe a ƙarshen 2022 gwamna Inuwa Yahaya ya sa hannu a nata. Ni duk zamana a garin nan ban sani ba sai ranar.

Wani abin da na so in yi faɗa a kai a lokacin amma yanzu na ga gaskiyarta, ta aika wa uban yaran takardar gayyata ya zo, ta zauna da shi shi kaɗai sama da awa ɗaya tana sauraronsa cikin mutunci. Nace Anti ya haka, ai mu muka kawo ƙara. Tace, "Adda ni ba ke nake yi wa aiki ba, ba kuma shi ba, yaran nan biyu su ne a gabana." Da ta je gidan kakar ganin yaran ma, 'yar tamu ta ba mu labari daga baya, wai takarda da fensir mai kala ta ba ta tace ta zana gidansu da mutanen ciki, suna ta hira a kan zanen, ko sau ɗaya ba ta tambaye ta tsakanin Mama da Baba wa kika fi so ba. Mu kuwa a gida tambayar da muke ta yi wa yarinyar kenan a waya ba mu san nauyi muke ɗora mata ba.

Sai maganar man shanu, wannan kam har yanzu dariya take ba ni. Goggo da ta ji ana ta ƙoƙari sai ta ba ni kwalbar man shanu da ƙullin turaren wuta in kai mata, don a al'adarmu ai ba ka zuwa wajen wanda yake maka wahala hannu rabbana. Anti ta karɓa ta shinshina turaren ta yaba, sannan ta mayar cikin ledar ta miƙo min, tace in gaida Goggo in ce ta gode, amma in ta karɓa gobe uban yaran ya ji, duk rahoton da ta rubuta ya zama rahoton man shanu. Goggo ta yi kwana biyu tana mita wai an raina kyautarta.

A zama na uku aka daidaita. Yara suka dawo hannun uwarsu, uban zai riƙa ɗaukarsu ƙarshen mako, ga abin da zai riƙa bayarwa duk wata an rubuta. Anti ta dage sai an kai takardar kotun shari'a alƙali ya shigar da ita, tace takardar ofishinsu alkawari ce kawai, in mutum ya saɓa ba abin da za su iya yi masa, amma in ta zama ta kotu akwai inda za a kama shi. Duk wannan ko sisi ba su karɓa ba. Da a nan labarin ya tsaya da biyar cikin biyar zan ba su, in ma yafe musu littafin rajistar.

Ranar sulhun akwai wani saurayi da yake ta kai-kawo da kyamara, mu muna cikin murna yara sun ruga sun rungume uwarsu kowa yana hawaye, wa ya kula da shi. Bayan kwana huɗu wata 'yar kawunmu daga Kumo ta turo min hoto a WhatsApp tace Adda wannan ba su wance ba ne? Na buɗe, ga ƙanwata ga yaran fuska tar, a shafin ƙungiyar na Facebook, an rubuta da Turanci wai sun sake ceto wani iyali daga cin zarafi, mutane suna ta sa albarka a ƙasa. Kafin dare dangin uban sun gani, suka ce ai ga shi ta kai su duniya ta tona musu asiri, sulhun da aka sha wuya kafin a ƙulla ya kusa warwarewa a daren nan. Wanda ya fi min ciwo, a Islamiyya wata yarinya ta ce wa 'yarmu an ga hotonku babanku ya sace ku. Ta dawo gida ta ƙi cin abinci.

Washegari da sassafe ina ofishin. Shugaban wajen ya saurare ni sannan ya buɗe fayil ya zaro fom mai shafi uku duk da Turanci, ya nuna min wani layi can ƙasa da yake cewa an yarda a yi amfani da hoto, ga sa hannun ƙanwata. Eh ta sa hannu, amma ranar farko ce aka miƙa mata a bakin teburin nan tana kuka ba ta ga 'ya'yanta ba sati uku, aka ce sa hannu nan da nan, ba wanda ya karanta mata da Hausa, ba wanda ya ce mata tana iya cewa ba ta son hoto kuma a taimake ta duk da haka. Macen da take cikin wannan halin ko takardar sayar da gidansu ka miƙa mata ai sa hannu za ta yi. Sa'ar da na yi kafin in fita na kira mijin ƙawata lauya ne, shi ya faɗa min akwai dokar kare bayanan mutane da Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023, a cikinta yarda sai ta kasance mutum ya fahimci abin da ya yarda da shi kuma ba a matse yake ba, sannan yana da damar janye yardar duk lokacin da ya so, har hukuma aka kafa a kai wato NDPC. Da na ambaci wannan sai muryar shugaban ta sauko. Duk da haka sai da aka ƙara kwana biyu kafin su goge, wai mai riƙe da shafin ya yi tafiya, kuma gogewar me za ta yi tunda ya riga ya shiga wayoyin mutane.

Anti ta kira ƙanwata da kanta ta ba ta haƙuri, tace ba a shawarce ta ba, ta kuma sake kiran uban ta lallashe shi, da ba don ita ba da komai ya rushe. Na gane masu ba su kuɗi suna son ganin hoton aiki, ban ƙi ba, amma ai ana iya ɗauka ta baya, ko hannaye kawai, ko a rufe fuska, balle na ƙananan yara. Tun ƙarshen 2022 Buhari ya sa hannu a dokar kafa majalisar da za ta riƙa rajistar ma'aikatan jin daɗin jama'a tana sa musu ido, kuma su kansu suna da ƙungiyarsu NASoW tun 1975, to amma a ofishin nan da alama Anti kaɗai ta san ƙa'idar, shi mai rajista da mai kyamara ba wanda ya taɓa zaunar da su ya ce musu abin da yake wucewa ta hannunsu mutuncin mutane ne.

Sauran ƙananan abubuwa, jira yana da tsawo ki tafi da ruwanki, banɗakin ba ruwa, kuma matakala ce a ƙofar ba hanyar keken guragu, a gabana aka ciccibi wata mata aka shigar da ita, alhali dokar nakasassu ta 2018 shekara biyar ta ba gine-ginen jama'a su gyara.

Uku cikin biyar na ba su, kuma ukun nan duk na Anti ne. In 'yar'uwa ta tambaye ni ta je? Zan ce ta je, amma kar ta sa hannu a komai sai an karanta mata da Hausa, layin hoto ta ce a soke shi a gabanta, in ta ga mai kyamara ta faɗa masa da bakinta ba ta yarda ba.

Satin da ya wuce mun koma kai musu kwafin takardar kotu. Littafin yana nan a kan tebur, sai dai yanzu sun ɗora wani kwalin indomi da aka yanka yana rufe layukan sama, iska na kaɗawa yana zamewa. A gurbin matsalar da ta kawo ka ni dai na rubuta ganin Anti, yaron ya duba ya dube ni bai ce komai ba.