Sharhi a kan Politics & War: ƙawance da alkawarin kare juna

Politics & War wasa ne na intanet da aka buɗe a 2014, inda mutum ke kafa ƙasarsa, ya gina birane, ya haƙo kwal da ƙarfe da man fetur, ya tara sojoji da tankoki da jiragen sama da na ruwa. Kyauta ake shiga, kuma ba ya cin data sosai a waya, domin yawancinsa rubutu ne da lissafi. Na jima ina yin sa daga nan Agege tare da wasu abokaina 'yan gwari na kasuwar Mile 12, kuma ɓangaren da ya riƙe mu shi ne ƙawance, don haka a kansa zan tsaya.

Ƙasar da ke zaune ita kaɗai ba ta daɗewa ba a yashe ta ba, saboda akwai 'yan wasan da sana'arsu ke nan, neman marar gata su kwashe masa dukiya. Shi ya sa kowa ke shiga ƙungiya. Ƙungiya tana da banki, tana karɓar haraji daga mambobi, tana kuma tallafa wa sabon shiga ya gina birane, kusan yadda adashe ke ɗaga ƙaramin ɗan kasuwa. Su kuma ƙungiyoyin sai su ƙulla yarjejeniya a tsakaninsu. Akwai ta kare juna dole, wadda ake kira MDP, akwai ta ganin dama, wato ODP, akwai ta alkawarin ba za a taɓa juna ba, sannan akwai wadda babbar ƙungiya ke ɗaukar ƙarama a ƙarƙashin inuwarta.

Abin da ya fi burge ni shi ne wasan yana nuna yarjejeniyar a shafin ƙungiya, amma ba ya tilasta wa kowa cika ta. Idan aka kai wa abokan ƙawancenku hari, babu na'urar da za ta tura jiragenku. Mutane ne za su tashi, su duba wanda ya yi daidai da ƙarfinsu, su shelanta yaƙi da hannunsu. Dokokin kuwa an tsara su ta yadda haɗin kai ke da tasiri na gaske. Ƙasashe 3 kacal ke iya far wa ƙasa ɗaya a lokaci guda, kuma ba ka iya taɓa wanda ya fi ka ko ya gaza ka da nisa a makin da wasan ke auna ƙarfin ƙasa da shi, saboda haka ƙungiyar manya takan buƙaci ƙawayen da ke da ƙananan ƙasashe domin su kare mata na ƙasa. Agogon wasan yana juyawa duk bayan awa 2, kowane juyi yana ba ka makin kai hari 1, ba ya kuma wuce 12. Harin ƙasa yana cin 3, na sama da na ruwa 4. Da wannan ƙarancin, dole mutum uku su raba aiki: ɗaya ya karya jiragen maharin, ɗaya ya datse masa teku don kada bankinsu ya aiko masa da harsashi da fetur, na ukun ya bi ta ƙasa.

Na ga amfanin wannan da idona lokacin da aka far wa ɗaya daga cikin namu da tsakar dare, ga shi babu wuta a unguwarsu, wayarsa kuma ta mutu. Ƙawayenmu da ke Amurka, waɗanda a wurinsu yamma ce, suka ga kiran a manhajar hira ta Discord, suka cike gurabe ukun maharin kafin a kira asuba a Legas. Ban san fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba, amma tun ranar nake ɗaukar kiransu da muhimmanci. Na kuma ga akasin haka, wata ƙungiya da ta sa hannu a kan kare juna, da yaƙi ya zo sai ta fake da cewa mu muka tsokano. Ba a hukunta ta da komai a cikin wasan ba, sai dai labari ya bazu, kuma ta sha wuya kafin ta sake samun mai amincewa da ita.

Wasan yana da nauyinsa. Yaƙi ɗaya yakan kai kwana 5 idan ba a gama shi da wuri ba, rikicin manyan ƙawance kuwa yana iya jan makonni, kuma yawancin tattaunawar da Turanci ake yi. Mai tashi sauke kaya da sassafe zai ji jiki idan ya ce sai ya halarci kowane juyi.

Wanda zai shiga daga Legas, shawarata ita ce ya duba jerin yarjejeniyoyin ƙungiya kafin ya nemi shiga, ya tambayi yadda ta yi da ƙawayenta a yaƙin baya, ya kuma zaɓi wadda ke da mambobi a nahiyoyi dabam-dabam. Ya ajiye ƙarfe da harsashi da fetur tun ana zaman lafiya, domin farashinsu a kasuwar wasan yana tashi da zarar an fara yaƙi.