Bitar shafin Etymonline: inda ake gano yadda "go" ya koma "went"

Duk malamin da ya taɓa koyar da Turanci ya san tambayar da ɗalibai kan yi idan aka zo kan aikatau "go", wato me ya sa ake cewa "went" a shuɗaɗɗen lokaci alhali kalmomin biyu ba su yi kama ba ko kaɗan. Shafin Etymonline, ƙamus na asalin kalmomin Turanci da Ba'amurke Douglas Harper ya kafa a intanet a shekarar 2001, yana warware wannan tambaya kyauta, kuma a ganina ya cancanci yabo kan yadda yake yin hakan.

Idan mutum ya rubuta "go" a wurin bincike, shafin zai nuna masa cewa a tsohon Turanci ana cewa "gan", wanda ɗan'uwa ne ga "gehen" na Jamusanci, kuma shuɗaɗɗen lokacinsa a wancan zamani "eode" ne. A ƙarni na 15 ne aka yi watsi da "eode", aka aro "went" daga wani aikatau daban, wato "wend", mai ma'anar juyawa ko kama hanya, wanda yake bin tsari iri ɗaya da "send" da "sent". Abin da ya fi burge ni shi ne shafin bai ɓoye saɓani ba, domin ya ambaci cewa mutanen arewacin Ingila da Sikotilan sun ƙera "gaed" daga jikin "go" ɗin kansa, sannan ya faɗi ƙarara cewa asalin "eode" ba shi da tabbas. Kalmomin da ke da dangantaka kuwa, taɓawa ɗaya ake yi a je gare su.

Sai dai ba kowa ne zai ji daɗin karanta shi ba. Bayanin a cunkushe yake, cike da gajerun alamomi irin su PIE (wato tsohon harshen da masana ke hasashen Turanci da danginsa sun samo asali daga gare shi) da sunayen matattun harsuna, ta yadda ɗalibin sakandare zai iya gajiya tun kafin ya kai ƙarshen sakin layi. Haka kuma ba ya koyar da yadda ake amfani da "go off" ko "go through" a jimla, domin tarihin kalma ya sa gaba. Mai shirin jarrabawar WAEC ya fi buƙatar ƙamus na masu koyo, amma malami da mai fassara da ɗalibin ilimin harsuna a jami'a za su sami abin da suke nema a nan, a waya ko a kwamfuta.