Malamai da ɗaliban digiri na biyu, ku yi hattara da mujallun bogi

'Yan uwana masu koyarwa a jami'o'i da kwalejojin Katsina da Daura, don Allah ku karanta wannan kafin ku tura wa kowa kuɗin buga maƙala.

Wani ƙanena da ke koyarwa a nan Katsina ya shekara biyu yana bincike kan tsutsar da ke cin zangarniyar gero. Sai ga imel ana kiransa "Farfesa", ana yabon aikinsa, ana roƙon ya turo maƙala. Ya tura ranar Litinin, ranar Laraba aka ce an karɓa. Ko waƙafi ba a gyara ba, har kuskuren da ke shafin farko yana nan. Lambar asusun da aka ba shi ma da sunan wani mutum take. Ya biya kusan rabin albashinsa. Da lokacin ƙarin girma ya zo, kwamiti ya ture maƙalar gefe. Ya same ni ido jajur, ya ce, "Yaya, kuɗin ba su dame ni ba, aikin ne ya tafi." Gaskiyarsa, domin mujallar kirki ba ta karɓar abin da aka riga aka buga.

Abin da ke ci min rai shi ne, alheri masu mujallun bogin suka samu suka laɓe a bayansa. Tsarin buɗe bincike kyauta, wanda sanarwar Budapest ta 2002 ta ƙarfafa, shi ya sa ɗalibi a Dutsin-Ma ke karanta binciken duniya a wayarsa ba tare da biyan dala ba. Wasu mujallun gaskiya na karɓar kuɗi daga marubuci, da yawa kuma ba sa karɓar ko kwabo. Amma dukkansu sai masana sun tantance aiki, abin da ke ɗaukar makonni ko watanni. 'Yan damfara kuɗin kawai suke jira. A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya aika maƙalar ƙarya ga mujallu 304, guda 157 suka karɓa.

Kafin ka biya, nemi sunan mujallar a DOAJ (shafin intanet mai jerin mujallun da ake karantawa kyauta) ko AJOL (shafin mujallun Afirka) da hannunka, kada ka yarda da tambarin da suka manna a shafinsu. Lambar ISSN, wato lambar shaidar da ake ba mujalla, rajista ce kawai, ba ta nuna inganci. Ka kuma leƙa ɗakin karatun makarantarku ka tambayi ma'aikatan.

Ƙanen nawa dai yana jiran damina ya sake komawa gonakin daga farko.